Abin da Sahabi Ya Ji a Kan Falwaya

A Ƙofar Dundaye in ka ce kana neman Sahabi, sai a tambaye ka wanne daga ciki. Amma in ka ce Sahabi Falwaya, ko akuyar unguwa ta san ƙofar gidan. A bakin zauren nan ya tsufa, kan wata tabarma da ta gaji da duniya, yana kallon samari suna ɗaga wayoyinsu sama suna juyi, wai sabis suke nema. Ba ya tanka musu. Sai fa in ya ji wani yana daka wa matarsa tsawa a waya, nan ne tsohon kan ɗago kai ya ce, "Yaro, bari ta ƙare magana." Har Allah ya karɓi abinsa bai taɓa mallakar wayar kansa ba, shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana shimfiɗa wa garin Sakkwato waya.

Ɗan masu sayar da hatsi ne. Ubansa ya so ya zauna a rumfa ya gaji mudu, amma ina! Tun yana ƙarami ƙafar Sahabi ba ta shiri da ƙasa. Babu itacen da bai hau ba daga unguwarsu har Dundaye, babu katangar da bai sha bulala a kanta ba. Da ofishin tarho suka zo ɗaukar leburori, aka nuna wata doguwar falwaya aka ce wa zai iya, kafin mai tambaya ya rufe baki Sahabi na can bisa yana tambayar me za a sauko da shi. Ranar ya samu aiki, ranar kuma ya samu suna.

Sai ga zamani ya zo masa daidai. Soja ke mulki, kuɗin fetur ya shigo ƙasa kamar ba zai ƙare ba, manyan motocin siminti na fitowa daga Kalambaina suna girgiza gari, ko'ina gini. Duk wanda ya je Makka ya dawo sai ya ce a sa masa tarho a shago, ko da kuwa ba shi da wanda zai kira. Sahabi ya zama ɗan gata. Ya yi babur, ya yi rigar kaki, ga filaya a aljihu, ga ƴar wayar gwaji rataye a ƙugu, mai matsi biyu, wadda in ya hau falwaya ya maƙala ta a layi zai ji ko layin na da rai.

In yamma ta yi ya zauna a majalisa, to ka shirya kunnenka, don bayanin waya ba ya gundurarsa. Yakan ce, "Ku kuna zaton in Alhaji ya ɗauki tarho, muryatai na tahiya gidan abokinai kai tsaye? Ko kusa! Kowane tarho igiya biyu gare shi, suna bin falwaya har ohis. Can akwai allo mai ramu, kowane rami gida guda na. Mai haɗawa ita ka ɗaukar igiya ta soka ramin wanga da na wancan, sannan su ji juna. Dillaliya ta, kamar dillalan shanu na Kara: mai saye bai kai ga mai saisuwa sai ta hannunta." In aka tambaye shi Kano fa, sai ya gyara zama ya ce wannan babban layi ne, yana bi ta Gusau, kuma layukan kaɗan ne, masu so da yawa. Shi ya sa mutum kan nemi Kano da safe, ya je ya ci kasuwarsa, a kira shi da la'asar a ce ga Kano ta samu.

To, a gaban wannan allo mai ramu Ni'imatu take zaune.

Ɗiyar wani mai fataucin fata ce, ta yi makarantar ƴan mata, abin da ba kowa ya yi ba a lokacin. Sahabi bai fara ganin ta da ido ba. Yana kan falwaya wata rana ya maƙala wayar gwajinsa, sai ya ji an ce, "Wace lamba?" Ya ce gwaji ne. Ya sauko, ya yi taku kaɗan, ya koma ya sake hawa, ya sake gwada layin da lafiyarsa lau. A makon nan babu falwayar da ba ta sha gwaji ba a Sakkwato. Da maganar aure ta kai ga manya, uban yarinya ya kafa sharaɗi guda: ba za ta bar aikinta ba. Sahabi ya ce ai shi ma can yake, wa zai fi shi sanin aikin? Har bugun ƙirji ya yi.

Ni'imatu kuwa boko bai cire mata kunya ba. Tun da aka ɗaura aure, kai tun kafin nan ma, sunan mijinta bai taɓa fita daga bakinta ba. A gabansa Malam, a bayan idonsa maigida. Abin nata har ya yi yawa: in hira ta kai ga sahabban Manzon Allah, sai ta kauce ta ce "mutanen Annabi." Sahabi yakan tsokane ta, ya ajiye turmin atamfa ya ce nata ne in ta faɗi sunan ko da a hankali ne. Sai ta rufe fuska da gefen mayafi tana dariya ta ce, "Malam, riƙe atamfakka." Daɗin abin nan yake ji har cikin ransa, yana taƙama da shi a gaban abokai.

An ce kishi kumallon mata. Wanda ya faɗi haka bai zauna da Sahabi ba.

Abin ya faro ne a rumfar mahauta. Ya tsaya sayen nama, wani ɗan kasuwa da bai san shi ba yana ba abokinsa labarin sabon tarhonsa, yana cewa, "Wallahi ko ba ni da wanda zan kira, nikan ɗaga don in ji yarinyar nan ta ce 'wace lamba.'" Aka tuntsire da dariya. Sahabi ya karɓi namansa bai jira gyara ba. A kan babur wani tunani ya hau bayansa, bai kuma sake sauka ba: shi da kansa da me aka kama shi? Da murya. To, muryar nan da ta sa shi hawan falwaya ba dalili, ita ce ke shiga kunnen duk wani mai kuɗin garin nan, daga safe har yamma, kuma shi ne da hannunsa ya ja igiyar ya kai ta har shagunansu. Kai, wannan abu ya ci masa rai.

Daga nan duk Alhajin da ya ce a gaida iyali, sai Sahabi ya auna yadda ya faɗa. Duk wanda ya matsa a gyara masa layi da sauri, sai ya ce a ransa, saurin me? In Ni'imatu ta dawo da fara'a, wa ya ba ta dariya? In ta dawo shiru, tunanin wa take? Bai ce mata komai ba, don shi ya amsa sharaɗi da bakinsa a gaban dattawa. Sai ya koma ga abin da ya iya. Dokar aiki ta hana mai gyara sauraren maganar mutane, abin kora ne, ya sani sarai. Amma wa ke ganin abin da mutum yake yi a kan falwaya? Yakan maƙala, ya lafe, ya kasa kunne. Me ya ji? Farashin shanu, rigimar buhunan siminti, wane ya rasu, wance ta haihu, sai kuma "wace lamba," "ga shi nan," "layi na da mutane." Maimakon hankalinsa ya kwanta, sai ya ce wayo ne.

Mai neman kuka ne, sai ga kashin awaki. Cikin damina aka yi ruwa da iska, reshe ya faɗo wa babban layin Kano a bayan gari, aka tura shi. Ya janye reshen, ya ɗaure inda ya saki, ya maƙala wayar gwaji. Layin ya jiƙe, sai ƙara yake kamar ana suya, magana na zuwa tana ɗaukewa. Cikin wannan ƙarar ya tsinto muryar matarsa.

"...maigida, an wuni lahiya? Tun da sahe nika nemanka."

Wata muryar namiji ta amsa da Kananci, tana dariya: "A'a, uwargida! Ai ni ma ina nan zaune ina jiran muryarki. Yaya Sakkwatawa?"

Ni'imatu ta yi dariya, irin wadda take yi in ya ajiye mata atamfa.

Sahabi ya fizge matsin nan kamar ya taɓa wuta. Haba Sahabi! Kai da ka yi watanni kana sauraren farashin bajimai, yau da aka zo kan maganar da ta shafe ka, ba za ka ƙara ko numfashi guda ba? Bai ƙara ba. Allah ne kawai ya sauko da shi daga falwayar nan lafiya, don idonsa ba ya gani. Maigida! Kalmar da tasa ce shi kaɗai, ga ta tana bin igiyar da ya ɗaure yanzu da hannunsa, tana tafiya Kano.

Bayan magariba ta kawo masa tuwo, ta durƙusa ta ajiye. Bai ko dubi kwanon ba.

"Wane na kika gaisawa da shi Kano?"

Ta ɗago kai. "Kano? Malam, mutum nawa nika haɗawa da Kano kullum?"

"Wanda kika nema tun da sahe. Wanda ka jiran muryakki."

Ni'imatu ba baƙuwar aikin waya ba ce. Ta san allon nan, ta san igiyoyin nan, ta san hanya guda ce rak mutum zai ji wannan magana. Ta dube shi, kallon da ba ta taɓa yi masa ba.

"Malam, hawa ka yi kas saurare ni?"

"Ba shi nit tambaye ki ba. Hwaɗa mani sunanai."

"Bakina ba shi iya hwaɗin sunan ga. Kai ma ka san dalili."

Ai kuwa kamar ta watsa wa wuta kananzir. Sahabi ya miƙe tsaye. Sunan wa mace take jin nauyin faɗa? Na mijinta, na surukanta, na ɗanta na fari. Wannan mutumin Kano ba surukinta ba ne, ba ɗanta ba ne. Lissafin ya fita, a ganinsa.

"Iye! Har ta kai ga kunya? Kina gidana kina yi ma wani ƙato alkunya?"

"Malam, mutumen nan ai..."

"Kak ki ce mani Malam! Suna nika so!"

Ita ma fa ɗiyar mutane ce, da zuciyarta. Bayanin na bakinta, kalma biyu ce, amma ta dubi mutumin da ya rataya a sama kamar jemage yana leƙen maganarta, ya kuma kira ta da abin da ya kira ta, sai ta haɗiye abinta. Ta ce, "Tunda kunnenka ya kai Kano, shi ƙarasa maka labarin."

"Tahi gidanku. Na sake ki."

Saki ɗaya ne, ƙofa a buɗe take. Yayarsa Uwani ta zo ta zauna masa a kai. Ta ce, "Sahabi, zato zunubi na. Mai da matakka tun idda ba ta cika ba. Kalma guda ta ishe ka, ba sadaki ba waliyyi." Ya ce sai Ni'imatu ta aiko da sunan mutumin. Uwani ta ce wane mutum, a ina ya ji? Nan ya kauce wa tambayar, don in ya faɗi inda ya ji, aikinsa ya tafi. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi kuka, ƙarshe ta kaɗe zanenta ta ce taurin kan gidansu ne, na ubansu, ta gane shi.

Shi kuwa kishi bai bar shi ya huta ba don ya yi saki. Ƙaruwa ma ya yi. Ya zauna ya ƙera mutumin Kano a ransa: dogo, fari, babbar riga mai aiki har ƙasa, Marsandi a ƙofar gida. Duk motar da ya gani da lambar Kano sai ya bi ta da babur ya ga inda za ta tsaya. In zai gwada layi sai ya tura abokin aikinsa, don kada ya ji "wace lamba." Akwai ranar da ya hau falwayar nan ta bayan gari, ya sa filaya a kan layin Kano, ya daɗe a haka kamar zai datse, sannan ya mayar da ita aljihu. Ya rame, rigar kaki ta yi masa yawa. Damina ta wuce, aka yi girbi, sabon gero ya shigo rumfar ubansa, idda ta cika yana nan yana jiran a aiko masa da suna.

Wata safiya aka tura shi shagon Alhaji Sodangi, wani babban mai fataucin shanu a bakin Kara, wai ɓera ya ci igiyar tarhonsa. Alhaji na ta kai da kawo, ya ce ya loda shanu sun tafi, tun jiya yake son Kano. Sahabi ya shiga ƙarƙashin tebur ya haɗa igiyar. Alhaji ya ɗaga ya nemi Kano, aka yi sa'a layi ba kowa. Sahabi na can ƙasa yana naɗe ragowar waya, sai tarho ya yi ƙara, Alhaji ya ɗauka ya buɗe murya yadda masu kiran nesa kan yi, kamar da bakinsu za su kai maganar.

"Sahabi! Sahabi, kana ji na?"

"Na'am, Alhaji!" in ji Sahabi, ya zabura, ƙeyarsa ta daki tebur.

Alhaji ya kaɗa masa hannu. "Ba kai ba, na Kano!"

Sahabi ya tsaya a durƙushe, hannu a ƙeya. Alhaji ya gama lissafin shanunsa da mutumin, ya ajiye, ya dube shi yana dariya.

"Takwaranka na. Wakilina, shi ka karɓar mani shanu can. Haihuwar Kano na, amma kakanai mutumen Dundaye na. Tsoho tukuf, ga barkwanci, haƙori guda ya rage mai." Sai Alhaji ya tuna da wanda yake magana, ya sassauta murya. "Allah sarki, iyalinka ta da ta sha wuya da sunan ga. In na ce a ba ni Sahabi, ba ta maimaitawa. Sai ta ce 'mai sunan maigida.' Har babbansu na ohis ya yi mata hwaɗa, ta ce sai dai a kore ta. Shi ko tsohon, ka san takwara, sai shi ce mata uwargida. Ni dai ban san abin da ya raba ku ba, amma..."

Sahabi bai ji sauran ba. Mai sunan maigida. Ruwan sama ya cinye kalma biyu a kan layi, shi kuma ya cinye aurensa a kan ta ukun. Matar nan ta tsaya a gabansa ta ce bakinta ba ya iya faɗin sunan, ta ce shi ma ya san dalili, kuma wallahi ya sani, shi ne ma mai taƙama da dalilin a majalisa. Kunya ta kama shi, da nadama, da wani irin tsoro. Amma cikin tsoron akwai ɗan haske: saki ɗaya ne. Idda ta fita, gaskiya, amma in ta yarda ana iya ɗaura sabon aure. Zai tura Uwani, zai tura dattawa, zai je da kansa ya durƙusa a zauren ubanta. Abin da ya rage kawai ya ji ko akwai sauran wuri a zuciyarta.

"Alhaji, bari in ƙara gwada shi."

Ya ɗauki kan tarho da hannu biyu. Layin tsaf, ko ɗigon ƙara babu, aikin hannunsa ne.

"Wace lamba?"

Sahabi ya ce, "Ni'ima, ni na. Ina shagon Alhaji Sodangi. Na ji. Na ji rabin da ban ji ba rannan."

Yana jiyo motsin ɗakin allo, ana soka igiyoyi ana zarewa, wata can tana cewa layin Gusau na da mutane. Ya matse abin a kunne, yana jira ta ce Malam. Ko da faɗa ne, ko da kuka ne, in dai da Malam ta fara, to akwai gyara.

"Sahabi," in ji Ni'imatu.

Ta faɗe shi tiryan-tiryan, ba gargada, ba rawar murya, yadda ake kiran sunan mai kawo ruwa ko mai facin taya. Shekara da shekaru yana ajiye atamfa don ya ji wannan suna a wannan baki, yau ga shi ya ji kyauta. Mace ba ta jin nauyin sunan mutumin da ba kowa ba ne a wurinta. Ya gane babu wani dattijo da za a tura.

"Sahabi, in ba lamba kaka so ba, aje. Akwai masu jira."

Ta zare igiyar.

Ya tsaya da abin a kunne. Alhaji Sodangi ya leƙo fuskarsa ya ce, "Yaya, ya gyaru?"

Sahabi ya ajiye kan tarho a hankali, ya sunkuya ya ɗauki filayarsa.

"Ya gyaru, Alhaji. Ana ji sarai."